Kalmar 加 (jiā) a Sinanci: ina take shiga, ina ba ta shiga?

Wani ƙanenmu ɗan kasuwar Kantin Kwari ne ya turo tambaya, ya ce: "Yaya, wata uku ke nan ina koyon Sinanci a waya don ina shirin zuwa Gwanzu saro kaya. Akwai wata kalma 加 da nake cin karo da ita ko'ina, manhajar ta ce ma'anarta ƙarawa, amma duk sanda na sa ta a magana sai mutumin da muke ciniki da shi a WeChat ya turo min hoton dariya. Don Allah ina nake kuskure?"

To ƙanena, tun kafin ka turo min jimlolin da ka rubuta masa na san inda gizo ke saƙar, don ni ma ramin da na faɗa ke nan a shekarata ta farko a can, kuma a shekarun da na yi ina tafinta wa alhazanmu a kasuwa kusan duk Bahaushen da ya fara tsintar yaren nan sai ya faɗa shi. Manhajarka ba ta yi ƙarya ba, jiā ƙarawa ce. Matsalar daga wajenmu take. Mu "ƙara" ɗinmu aiki biyu take yi ba ma lura: akwai ƙara sukari a shayi, akwai kuma ƙara faɗa min ban ji ba. Ta farko wani abu ka ɗora a kan wani abu, ta biyu kuwa maimaita aiki ne. Su Sinawa jiā ta farkon kawai take ɗauka. Ta biyun kalmominta daban.

Ga gwajin da nake ba kowa: duk inda za ka iya cire "ƙara" ka sa "sake" maganar ta zauna daidai, to kar ka taɓa jiā. Ƙara faɗa, sake faɗa, duk ɗaya ne ko? To wannan 再 (zài) ce, za ka ce 请再说一遍 (qǐng zài shuō yí biàn), don Allah ƙara faɗa sau ɗaya. In kuma abin ya riga ya faru ne, kamar ka ce ya ƙara zuwa, sai 又 (yòu), 他又来了 (tā yòu lái le). Zài na abin da bai faru ba tukun, yòu na wanda ya riga ya maimaitu. Amma ƙara sukari fa? Ba za ka ce sake sukari ba, to nan ne gidan jiā, 加糖 (jiā táng). Ni ranar da na ɗaga hannu a aji na ce wa malama "qǐng jiā shuō" ina nufin ta maimaita, tsayawa ta yi tana kallona kamar na ce ta zuba wa maganar ruwa, 'yan aji kuwa ba wanda ya yi dariya don su ma ba su gane ba, ni kaɗai na san abin da nake nufi a duk ɗakin.

Akwai kuma "ƙara" ta uku da ba ta wannan ba ta waccan, irin ta ƙara kyau, ya ƙara tsada. Wannan yawanci 更 (gèng) ake sawa gaban sifar, 更漂亮 (gèng piàoliang), 更贵 (gèng guì). Ƙara murya kuma 大声点 (dà shēng diǎn) suke cewa. Ƙara aure kuwa kar ma ka fara gwada shi da jiā, ka bar wannan hirar sai ka dawo gida.

Sai furuci, don rabin dariyar da za a yi maka in ka isa daga nan za ta fito. Mu Hausawa muna da sa'a a nan fiye da Bature, saboda harshenmu ma da karin sauti yake tafiya, kawai dai ba ma rubuta shi ne. Ka faɗi "kai ne" ka kuma faɗi "ciwon kai", ka saurari kanka. Kai na farko murya a sama take tsaye, na biyu daga sama take gangarowa ƙasa. To jiā ta ƙarawa irin ta farkon ce, sama, a miƙe, ba lanƙwasa. Gaɓa ɗaya ce, j ɗin kuma a tausashe, tsinin harshe na bayan haƙoran ƙasa. Kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne su karanta ta kamar "jiya" ta jiya da shekaranjiya, ita kuwa jiya sama take farawa ta sauka, in ka haɗe ta da sauri sai ta koma 价 (jià), wato farashi. Ka ɗauki karin "gida" ko "ruwa" ka ɗora mata, su biyun a sama suke daga farko har ƙarshe. Abin dariya ma, gida a Sinanci 家 ne, shi ma jiā ake furta shi sak, rubutu ne kawai ya raba su.

Wadda ta fi haɗari ita ce in ka saukar da murya ƙasa, ta zama 假 (jiǎ), jabu. Na taɓa raka wani alhaji shagon takalma, kaya sun yi masa yana so a ƙaro, sai ya ga bari ya nuna shi ma ya fara jin yare, ya dinga nuna katan yana cewa jiǎ, jiǎ da murya a ƙasa irin ta manya. Nan take fuskar matar mai shagon ta canza, ta ɗauko takalmi tana lanƙwasa shi tana buga shi a tebur tana rantsuwa kayanta ba jabu ba ne. Sai da na shiga tsakani, ƙarshe dai da dariya aka rabu har da ragin da ba mu nema ba.

Rubutun kuwa ba wuya, zane biyar ne. Hagu 力, ƙarfi, dama 口, baki. Ƙarfi da baki, ka riƙe shi haka ba za ka manta ba.

A lissafi ita ce alamar tarawa kai tsaye. 三加五等于八 (sān jiā wǔ děngyú bā), uku a tara da biyar takwas. Tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa su ne 加减乘除 (jiā jiǎn chéng chú), yaran firamare a haɗe suke rera su. Ka lura da jiǎn ta ɗebewa, ta yi kama da jiā a kunnen baƙo, n ɗin ƙarshe, wasalin da ke komawa kamar e, da saukar murya ne bambancin, kuma ka san a ciniki tsakanin ƙara da rage ba wasa ba ne. Kai da kake ɗan kasuwa abin da za ka fi buƙata daga lissafin nan jimloli biyu ne. 加起来多少钱? (jiā qǐlái duōshao qián), in an haɗa duka nawa ke nan. Da kuma 加上运费一共多少? (jiāshàng yùnfèi yígòng duōshao), har da kuɗin dakon kaya nawa ya kama gaba ɗaya. Jiāshàng ɗin nan ita ce "har da" ɗinmu, 加上我五个人 (jiāshàng wǒ wǔ ge rén), har da ni mutum biyar. Amma "da" ta ni da kai, riga da wando, wannan 和 (hé) ce, kar ka kai jiā can.

Bari in daɗe a kasuwa tunda ita ce ta kai ka. In ka shiga shago a Xiaobei ko Sanyuanli, unguwannin da 'yan Afirka suka fi yawa a Gwanzu, ko ka wuce babbar kasuwar Yiwu, ka taya kaya, amsar da za ka fi ji ita ce 再加一点 (zài jiā yìdiǎn), ƙara kaɗan dai. Wato albarkar su ke nan. Ka ga a nan zài da jiā sun haɗu a jimla ɗaya, kowacce da aikinta, ka riga ka sa kuɗi, ana so ka sake ɗora wani abu a kai. Kai kuma in ka kai maƙura sai ka ce 不能再加了 (bù néng zài jiā le), ba zan iya ƙarawa ba kuma, ko a gajarce 加不了 (jiā bu liǎo), ka haɗa da girgiza kai da ɗan juya baya kamar yadda kake yi wa dillalai a Kwari, wannan ɓangaren ba sai an koya maka ba. In kuma kai ne kake son ƙarin kaya, 老板,再加两箱 (lǎobǎn, zài jiā liǎng xiāng), mai shago ƙaro katan biyu. Lura, liǎng na ce ba èr ba. Èr ta ƙirge ce da lissafi, da zarar za ka ce abu biyu, katan biyu, mutum biyu, sai liǎng. Kuma lamba ba ta zuwa tsirara, dole da kalmar awo a bayanta, xiāng na katan, jiàn na tufafi, shuāng na takalmi, in ka rasa ka ce ge za a gane ka.

Kalmar da za ta fi ci maka rai kuwa ita ce 加钱 (jiā qián), ƙarin kuɗi. Kana so a buga maka tambarinka a jikin kaya? 要加钱 (yào jiā qián). Kana so a canza leda? Yào jiā qián. Kai dai ka saba da tambayar 加多少? (jiā duōshao), nawa za a ƙara, kuma ka sa a rubuta maka a takardar oda, kar ka yarda da ta baki. Akwai bambanci kuma tsakanin 加价 (jiājià) da 涨价 (zhǎngjià). Ta farko mutum ne ya ɗora wani abu a kan farashi, ta biyu kaya ne suka tashi a kasuwa. Shi ya sa mai shago ba zai ce maka ya yi jiājià ba, cewa zai yi 涨价了 (zhǎngjià le), kaya sun tashi, laifin kasuwa ne ba nasa ba, kamar dai yadda ake ɗora wa dala komai a gida. Jiājià ɗin nan ma ita ce mafi kyawun abin gwajin furuci, sama a miƙe sannan gangara, "kai ne" sannan "ciwon kai".

Wani abu mai daɗi da jiā ke yi, tana hawa kan sifa ta mayar da ita aiki. 大 babba, 加大 (jiādà) a ƙara girma. 加长 (jiācháng) a ƙara tsawo, 加宽 (jiākuān) a ƙara faɗi, 加厚 (jiāhòu) a ƙara kauri. Wannan zai yi maka amfani sosai don sayis ɗinsu ƙanana ne a kan jikin mutanenmu, in kana odar jallabiya ko dogayen riguna ba ka ce jiācháng ba za ka kwaso abin da zai tsaya wa mutane a ƙwauri. Za ka ce ai ɗazu na ce ƙara kyau gèng ne, yanzu kuma ƙara tsawo jiā? E. Bambancin shi ne a nan wani ne zai sa hannu ya ƙara yadi, can kuwa bayanin yadda abu ya zama kake yi. Kuma ba kowace sifa take hawa ba, waɗanda aka saba ne, ka haddace su ɗai-ɗai, kar ka ƙirƙiro naka. A cikinsu akwai 加急 (jiājí), a yi da gaggawa, ita kuma duk inda ta je ƙanwarta jiā qián na biye da ita. 加工 (jiāgōng) kuma sarrafa kaya ne, za ka ga an rubuta 加工厂 a ƙofar ƙananan masana'antu.

Maganar gaggawa ta kawo mu 加班 (jiābān), obataim. In mai masana'anta ya ce maka 工人要加班 (gōngrén yào jiābān), ma'aikata sai sun yi obataim, shimfiɗa yake yi wa ƙarin kuɗi, kuma ba lallai ƙarya yake ba, don dokar ƙwadagonsu ta ce obataim na ranar aiki a biya kashi 150 cikin ɗari na albashi, na ranar hutun mako kashi 200 in ba a rama wa mutum hutun ba, na ranakun bikin ƙasa kashi 300. Ko ana bin dokar ko ba a bi wannan wata maganar ce, su da kansu suna da abin da suke kira 996, tara na safe zuwa tara na dare kwana shida a mako, wanda a watan Agusta 2021 kotun ƙolinsu da ma'aikatar ƙwadago suka fito suka ce ya saɓa wa doka. Kai dai ka kiyaye oda gab da sabuwar shekararsu da kuma makon hutun 1 ga Oktoba. Ta fannin nahawu kuma jiābān irin kalmomin nan ne da ake tsaga su a tsakiya, in za ka ce na yi obataim na awa uku sai awa ukun ta shiga ciki, 加了三个小时班 (jiā le sān ge xiǎoshí bān), ba ta zuwa a ƙarshe.

WeChat kuwa ka riga ka san ba a ciniki sai da shi. Ba wanda zai tambaye ka lambar waya, 加个微信吧 (jiā ge Wēixìn ba) za ka ji, mu sa juna a WeChat. Sai ɗaya ya ce 我扫你 (wǒ sǎo nǐ), bari in yi sikanin naka. In ka tura wa mutum bai karɓa ba ka ce 我加你了 (wǒ jiā nǐ le), na sa ka fa. A nan mutum kansa shi ne abin da ake ƙarawa, jiā nǐ, jiā wǒ, ba wata kalma a tsakani.

Sai abinci, nan ma ka buɗe kunne don akwai maganar addini a ciki. 加水 ƙara ruwa, 加饭 (jiā fàn) ƙara shinkafa, 加个鸡蛋 (jiā ge jīdàn) a sa min ƙwai ɗaya a kai, 不要加冰 (bú yào jiā bīng) kar a sa ƙanƙara. In kana so ka ce a ƙara min, 给我 ne ke zuwa kafin aikin, 给我加点水 (gěi wǒ jiā diǎn shuǐ), ita diǎn ɗin nan "ɗan" ce tamu, ɗan ƙara min ruwa, tana tausasa magana. Wurin da za a zuba ma kafin aikin yake zuwa, 往茶里加糖 (wǎng chá lǐ jiā táng), kamar ka ce cikin shayi ƙara sukari, mu a baya muke sa shi su a gaba. Da yawa ko kaɗan ma gaba suke zuwa, 多加 (duō jiā), 少加 (shǎo jiā). Shagunan taliyar Lanzhou da za ka gani kusan kowane titi da alamar 清真 (qīngzhēn), wato halal, yawancinsu Musulmi ne ke da su, can kana iya cewa 加肉 (jiā ròu) a ƙaro nama hankali kwance, na sa ne. Amma a gidan abincin da ba wannan alamar, in aka ce ròu kawai ba a faɗi na wace dabba ba, to alade ake nufi. Kar ka kuskura ka ce jiā ròu a irin wurin. Kuma masu girki sun fi amfani da 放 (fàng), sa ko zuba, a kan abin da ke shiga tukunya tun farko, jiā kuma ta abin da aka ɗora daga baya. Don haka 不要放猪油 (bú yào fàng zhūyóu) kar a sa man alade, 不要放料酒 (bú yào fàng liàojiǔ) kar a sa giyar girki, wadda suke zubawa a nama da kifi kamar yadda muke jefa magi. Ni dai shawarata ka nemi qīngzhēn ka huta, a Xiaobei ba za ka rasa ba.

Ba zan bar 加油 (jiāyóu) ba, ita ce ta fi kowacce suna. Asalinta shan mai, 加油站 (jiāyóuzhàn) gidan mai, 加满 (jiā mǎn) a cika tanki, za ka ji direba ya ce 九十二号,加满, mai lamba 92, a cika. Amma ita ce kuma kalmar ƙarfafa gwiwa, a filin ƙwallo, ga ɗalibi mai jarrabawa, ga mara lafiya, ga wanda kasuwa ta juya wa baya. Lokacin girgizar ƙasar Sichuan ta Mayun 2008 da ita aka dinga yi wa mutanen yankin, haka a farkon 2020 lokacin korona ko'ina 武汉加油 ne, Wuhan a daure. Har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da fassararta ta Turancin Hong Kong, wato "add oil", a 2018. In mutumin naka ya ga kana fama da yarensu ya rubuto maka jiāyóu, ba aiken ka gidan mai ya yi ba, ka ce masa 谢谢 (xièxie), na gode, kawai.

Karin maganarsu ma akwai waɗanda in ka ji sai ka rantse Bahaushe ne ya yi su. 添油加醋 (tiān yóu jiā cù), a zuba mai a ƙara ruwan tsami, shi ne ƙarin gishirinmu a labari. 雪上加霜 (xuě shàng jiā shuāng), ga dusar ƙanƙara ga jaura a kai, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ka jefa wannan ranar da dala ta tashi kuma kuɗin kwantena ya tashi, ka ga yadda mai shago zai kalle ka.

Akwai 'yan'uwanta masu gaɓa biyu da za su zo maka a jarrabawar HSK ta gwada ƙwarewa a Sinanci in ka yi niyya, 参加 (cānjiā) halartar taro ko biki, kamar 参加广交会, halartar baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu sau biyu a shekara tun 1957, 加入 (jiārù) shiga ƙungiya, 增加 (zēngjiā) ƙaruwar adadi, wadda ta fi zama a rubutu da labarai. Waɗannan kar su dame ka yanzu.

Sai wani wuri da za ka gan ta ka rikice, sunayen ƙasashe. 加纳 (Jiānà) Gana ce, 加拿大 (Jiānádà) Kanada, 加蓬 Gabon, 新加坡 Singafo, 塞内加尔 Sanagal. A nan ba ruwanta da ƙarawa, sautinta kawai aka ara. Za ka ce to me ya haɗa jiā da "ga" ko "ka"? A tsohon furuci da k take farawa, a Mandarin ne ta rikiɗe ta koma j, yarukan kudu kuwa suka riƙe na da. Yaren Kanton da 'yan asalin Gwanzu ke yi a tsakaninsu har yau gaa suke cewa, jiāyóu ma a bakinsu gaa yau ce. Don haka in ka ji tsofaffin masu shago suna gaa, gaa da junansu suna danna kalkuleta, kalmar taka ce, kai dai ka amsa musu da Mandarin ɗinka za su gane.

Ka turo min jimlolin nan da mutumin ya yi wa dariya in duba maka su, ina kyautata zaton a cikin biyar huɗu zài suke nema.